Zan sayar da gidan hayata a Houston in sayi wani, harajin riba zai hau kaina?

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in maimaita tambayar saboda masu karatu: kana da gidan haya a Houston da ka saya a 2014 kan dala 200,000, tun lokacin 'yan haya ne a ciki kai baka taɓa zama ba, yanzu shekara 11 kenan an taya shi 380,000, saura bashin banki 110,000 a kai. Kana so ka sayar ka sayi wanda ya fi shi kawo kuɗi, in da hali ka yanki wani abu ka aika Kano a saya maka fili. Sannan wani abokinka yace maka ai in dai ka sayi wani gida cikin shekara biyu babu ruwanka da haraji.

To abokin nan naka ba ƙarya ya ƙirƙira ba, tsohon labari ne kawai yake baka. Da can akwai doka irin wannan a Amurka, mutum ya sayar da gidansa ya sayi wani cikin shekara biyu a ɗaga masa harajin, amma ta gidan da mutum yake zaune da iyalinsa ce ba ta gidan haya ba, kuma ko ita ɗin an soke ta tun 1997. Har yau mutane na yawo da ita a baki, a wajen walima da bayan sallar Juma'a. In ka bi maganarsa ka sayar, kuɗin suka shiga akawun ɗinka, ka je ka sayi wani gidan ko da washegari ne, a wajen IRS, hukumar harajin Amurka, sayarwa kayi ka ci riba, abin da kayi da kuɗin bayan nan kuma sha'aninka ne. Sayen wani gida shi kaɗai baya goge komai.

Kafin muje ga mafita bari muga nawa ma ake magana, don yawancin mutane lissafin da suke yi a ka ba shi bane lissafin hukuma. Kai a ranka ribarka 180,000 ce, wato 380 a cire 200. Wasu ma cewa suke ai bayan an biya banki abin da ya rage shine za'a caji haraji a kai. Duk biyun ba haka bane. Bashin banki baya shiga lissafin riba sam, ko saura dala ɗaya ko saura dubu ɗari uku ribar ɗaya ce.

Ga yadda ake yi. A cikin 380,000 ka cire la'adar dillalai da kuɗin taitil, wato aikin takardun mallaka, da sauran tarkacen ranar kulozin, ranar da ake sa hannu a kammala cinikin, mu ƙaddara 25,000, saura 355,000. Sai a dawo kan kuɗin da ka sayi gidan, a nan ne mutane ke shan mamaki. Duk shekara doka ta baka damar cire kuɗin tsufan gini daga kuɗin hayar da ka karɓa kafin a yi maka haraji, ana raba kuɗin ginin zuwa shekara 27 da rabi, banda filin, shi fili baya tsufa. Mu ce a cikin 200,000 ɗin nan fili 40,000 ne gini 160,000, to kusan dala 5,818 kenan duk shekara, a shekara 11 ya zama 64,000 cif. Wannan ragin kamar kayan da kake ɗauka a shagon unguwa ne mai shago yana rubutawa a littafi baya ce maka komai, ranar da ka sayar da gidan ranar ake buɗe littafin. Sai a ce gidan yanzu a takarda 136,000 ya tsaya maka ba 200,000 ba. Ribar da za'a rubuta maka 355,000 a cire 136,000, wato 219,000.

Ita wannan 219,000 ɗin ba kuɗi ɗaya ake caja a kanta ba. Kason tsufan ginin, 64,000, ana cajinsa har zuwa kashi 25 cikin 100, iyakarsa kenan 16,000. Sauran 155,000 tunda ka riƙe gidan sama da shekara ɗaya, ana cajinsa kashi 0 ko 15 ko 20 gwargwadon samunka, mafi yawan masu albashi a 15 suke faɗawa, 23,250 kenan. Akwai kuma wani ɗan kashi 3.8 da ake ɗorawa in samunka na shekarar ya haura 250,000 kai da madam a haɗe, ko 200,000 ga wanda yake shi kaɗai, kuma ka lura ribar gidan ma tana cikin samun shekarar, so ko albashinku 120,000 ne wannan shekarar kun haura, zai ƙara maka wajen 3,400. Ka ga an doshi dala dubu 42 da wani abu. Allah ya taimake ka a Texas kake babu harajin jiha a kan samu, da a Kalifoniya gidan yake ko New York da jiha ma ta miƙo nata hannun, kuma ba kaɗan ba.

Wani zai ce ni ai ban taɓa cire kuɗin tsufan ginin ba, mai cika min fom bai sa ba. Wlh wannan ita ce ta fi ciwo, don doka cewa tayi abin da ka cire ko wanda ya kamata ace ka cire, wato ko baka ci moriyar ba sai an caje ka. Ɗauko takardun harajinka na bara ka buɗe Schedule E, shafin da ake rubuta kuɗin haya, ka duba layi na 18 inda ake sa kuɗin tsufan gini, in ka ga babu komai a wajen to kar ka sa hannu a kan komai sai ka ga akanta, akwai fom 3115 da ake cikewa a dawo maka da duk na shekarun da suka wuce a lokaci ɗaya. Haka kuma ka tono takardar HUD-1, ta lissafin kuɗin cinikin, da aka baka ranar da ka sayi gidan a 2014, da rasit na duk wani babban aiki, sabon rufi, sabon AC na gida gaba ɗaya, ƙarin ɗaki, waɗannan suna ƙaruwa a kan kuɗin sayen su rage maka riba. Gyaran famfo da fenti basa ciki, su an riga an cire su a shekararsu.

Yanzu mafitar. Akwai sashe na 1031 a dokar harajin tarayya, tsohuwar doka ce asalinta tun 1921, tace in ka musanya kadarar kasuwanci ko ta jari da wata irinta ba za'a caje ka riba a lokacin ba. Tun 2018 aka taƙaita ta ga fili da gini kaɗai. Da farko musanya ce ta gaske, ba ni gonarka in baka tawa, sai wani mai gandun katako a jihar Oregon mai suna Starker ya yi shari'a da gwamnati ya ci a 1979, kotu ta yarda ba dole bane a yi bayarwa da karɓa rana ɗaya, daga nan majalisa ta zo a 1984 ta sa wa abin wa'adi. Shi yasa yau zaka iya sayar wa Musa ka saya a hannun Isa kuma a kira shi musanya, amma da sharaɗi babba guda ɗaya wanda shine ƙashin bayan duk amsar nan: kuɗin kar su taɓa hannunka, kuma sai an ƙulla tsarin KAFIN ranar kulozin.

Yadda ake yi shine ka ɗauki kamfanin 'yan tsakiya, a takardu zaka ga ana rubuta QI, ku sa hannu a yarjejeniya tun gidan bai fita daga sunanka ba, ranar kulozin kamfanin taitil ya tura kuɗin kai tsaye wajensu, su riƙe, ranar da zaka sayi sabon su tura can. Kai ko ƙyallin kuɗin baka gani ba. In aka yi kuskure cek ya fito da sunanka, ko ka ce a ajiye a akawun ɗin lauyanka zuwa jibi, shikenan magana ta ƙare, babu wani gyara da ake yi daga baya. Kuma ba kowa ne zai zama ɗan tsakiyar ba, ƙaninka ko matarka ko ɗanka basa yi, haka akantanka ko lauyanka ko dillalinka da suka yi maka aiki cikin shekara biyun da suka wuce. Kuɗin aikin nasu ba wani abu bane, yawanci dala dubu ɗaya zuwa biyu. Abin dubawa shine amana, saboda gwamnatin tarayya bata ba su lasisi bata sa musu ido, a 2008 wani babban kamfani cikinsu mai suna LandAmerica ya karye da kuɗin mutane a hannunsa. So ka tambaye su a wane banki za'a ajiye, akawun na daban ne da sunan musanyarka ko a tukunya ɗaya suke zubawa, kuma ko kuɗi na iya fita ba tare da sa hannunka ba.

Sai wa'adi. Daga ranar da aka yi kulozin ɗin tsohon gidan kana da kwana 45 ka rubuta wa ɗan tsakiya adireshin gidan da zaka saya, a rubuce da sa hannu, ba a waya ba. Kana da kwana 180 ka kammala sayen. Duk daga rana ɗaya suke fara ƙirguwa, ba wai 45 sannan a ƙara 180 ba. Asabar da Lahadi da Kirsimeti duk suna ciki, in rana ta 45 ta faɗo Lahadi to Lahadin ce, ba'a ɗagawa sai in gwamnati ta ayyana bala'i a yankin kamar irin guguwar da kan afka wa Houston. Zaka iya rubuta gida uku ko nawa ne kuɗinsu, in kana so ka wuce uku to jimillar kuɗinsu kar ta haura ninki biyu na wanda ka sayar. Shawarata ka cika ukun nan, saboda ciniki na wargajewa, mai duba gini ya gano tushe ya tsage, wanda a ƙasar Houston mai laka ba baƙon abu bane, ko banki ya ja ƙafa, in ɗaya ka rubuta kuma ya faɗi bayan kwana 45 ba ka da ikon sako wani. Wani tarkon kuma, in a Nuwamba ko Disamba ka sayar, ranar 15 ga Afrilu zata riga kwana 180 zuwa, kuma doka tace wanda ya fara zuwa a cikinsu shine wa'adin, sai ka nemi ƙarin lokacin shigar da takardun haraji kafin ka samu kwanakinka cikakku.

Gsky kwana 45 ɗin nan su ne ke kayar da mutane. Ba'a fara neman gida bayan an sayar, tun yanzu da ake tayi ya kamata ace kana zagaye. Akwai ma hanyar da ake fara sayen sabon kafin a sayar da tsohon, ɗan tsakiya ya riƙe shi da sunan wani kamfani nasa, amma tafi tsada nesa ba kusa ba kuma bankuna da yawa basa son ta.

Irin kadarar da zaka saya kuwa dokar tana da faɗi fiye da yadda ake zato. Gidan haya zaka iya musanya shi da bene mai ɗakuna huɗu, ko shago, ko gona, ko fili fetal, a Texas ko a Ohio duk ɗaya. Abin da ake so ya zama na haya ne ko na jari. Gidan da zaka tare da iyali baya shiga, gidan da aka saya don a gyara a sayar nan take shima baya shiga. Kuma sunan da ke kan tsohon shi zai hau kan sabon, wannan al'adar tamu ta bari in sa sunan uwargida ko na babban yaro, a nan ɓata lissafi take. Saye a hannun ɗan'uwa na jini shima yana da nasa ƙa'idojin masu tsauri, ni dai ina cewa a kauce masa.

To nawa zaka saya kafin a ɗaga harajin duka? Gidan da kuɗinsa ya kai 355,000 ko sama, kuma duk tsabar da ta rage bayan an biya banki, 245,000, ta shiga ciki. Gurbin bashin 110,000 ɗin da aka biya dole a cike shi, ko da sabon bashi ko da kuɗin aljihunka, ga wanda yake son rabuwa da bashin ruwa wannan ƙofa ce, ba dole sai ka koma banki ba in kana da tsabar da zaka zuba. In ka sayi na 320,000, gibin 35,000 ɗin nan za'a caje ka haraji a kansa a shekarar. Mutane suna zaton ai uwar kuɗina na cira ba riba ba, a'a, duk abin da ya fito daga musanya riba ake fara ɗaukarsa.

Wannan ya kawo mu maganar Kano. Dokar ta faɗa ƙarara cewa kadarar da ke cikin Amurka da wadda ke wajenta ba iri ɗaya bane. Wato ba zaka sayar a Houston ka saya a Kano ko Abuja ko Yamai ka ce musanya kayi ba, ko da gidan haya ne na gaske da 'yan haya a ciki. Duk dalar da ka yanka ka aika gida sai an cire mata haraji. Amma hakan ba haramun bane ba kuma laifi bane, ana yin musanya da wani kaso a fitar da wani, ka ce wa ɗan tsakiya tun farko a fitar maka da 40,000 a teburin kulozin, ka biya harajin wannan kaɗai, a ƙiyasi ka ware kamar dubu 10, sauran ya wuce sabon gida. Tun farko nace fa, don in kuɗin suka riga suka shiga hannunsa ba'a cirowa yadda aka ga dama a tsakiyar wa'adi. Kuma in filin nan ya zama gida ka zuba 'yan haya, matuƙar kana da fasfo ɗin Amurka ko girin kad, hayar Kano ma sai ka bayyana ta a takardunka na nan.

Abin da nake so ka riƙe da kyau, 1031 ɗagawa ce ba yafiya ba. Ribar 219,000 tana bin ka cikin sabon gidan. In ka sayi na 400,000, a takarda 181,000 ya tsaya maka, wato ragin tsufan da zaka riƙa samu duk shekara ya fi na wanda ya sayi irin gidan da kuɗinsa kai tsaye ƙanƙanta, kuma ranar da ka sayar ba tare da wata musanyar ba tsohuwar riba da sabuwa duk zasu taso tare. Masu dogon shiri abin da suke yi shine su yi ta musanya har ƙarshen rayuwa, saboda a dokar yanzu in mutum ya rasu magada suna karɓar gidan a kan kuɗin da yake a kasuwa ranar rasuwar, tsohuwar ribar ta faɗi. Allah ya sa mu cika da imani, amma lissafi ne da ya kamata mai iyali ya sani. In kuwa niyyarka nan da 'yan shekaru ka tattara ka koma gida gaba ɗaya, to ka sani wanda ya mayar da girin kad ɗinsa ya koma gida ya zama baƙo a idon hukumar haraji, ranar da zai sayar ana riƙe kashi 15 na kuɗin gidan gaba ɗaya tun a tebur, sai daga baya ya cike takardu ya nemi rararsa.

Wasu kuma dabararsu ita ce bari in tare a gidan hayar na shekara biyu ya zama gidana, in ci rangwamen da ake yi wa ribar gidan zama, na 250,000 ga mutum ɗaya ko 500,000 ga ma'aurata. Da can tana aiki sosai, amma daga 2009 an toshe, shekarun da gidan yayi a haya kafin ka tare ana ware kasonsu a caje shi. Kai da ka yi 11 a haya ka zauna 2, kashi biyu cikin sha uku na ribar kawai zaka tsira da shi, kuɗin tsufan ginin kuma yana nan daram. Bai kai wahalar kwashe yara daga makaranta ba.

Ni a ganina, a lambobinka musanyar ta cancanta, dala dubu 42 ba abin wasa bane, kuɗin kafin alƙalamin wani gidan ne. Amma da sharaɗin ka samu gidan da ko babu maganar haraji zaka saye shi. Na sha ganin mutum rana ta 40 ta zo bai samu komai ba, ido ya rufe, ya rubuta duk abin da dillali ya nuna masa, ya ƙara dubu 30 a kan kuɗin da ya dace don gudun harajin dubu 40, ya ƙare da gidan da ɗan haya baya shekara a ciki. Wanda ribarsa kaɗan ce, ko yake da asarar haya da ta taru a fom 8582 ba'a bashi damar cirewa ba saboda albashinsa yayi yawa, sau da yawa gara ya sayar kai tsaye, don ranar sayarwar ake sakin wannan asarar duka ta cinye wani ɓangare na ribar, a musanya kuwa sai dai ta bi shi gaba. Ka sa akanta ya buga maka lissafin biyu gefe da gefe kafin ka karɓi tayin.

In ka zaɓi musanya, a kwantiragin sayarwar a sa layin da ke cewa mai saye ya yarda zai bada haɗin kai ga 1031, ka sanar da kamfanin taitil da wuri, sannan a takardun harajin shekarar a cike fom 8824 ko da ko sisi baka biya ba. In kuma ka zaɓi ka biya ka huta, kar ka jira Afrilu da kuɗin a akawun ɗin da kake cefane da shi, ka ware su gefe a ranar, ka tambayi akantan ko sai ka tura wani kaso a zangon da aka yi cinikin don kar tarar jinkiri ta hau kai. Allah ya sanya albarka a cinikin Alhaji.